Albam ɗin farko na ClariS: tarin waƙoƙin katun ne kawai, ko akwai abin saurare a ciki?

Baban Ilham, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar waƙoƙin Japan, musamman waɗanda ake haɗawa da katun ɗinsu da ake kira anime. 'Yata da ke aji uku na ƙaramar sakandare ta roƙe ni in samo mata wani albam mai suna Birthday na wasu mawaƙa da ake kira ClariS, ta ce shi ne albam ɗinsu na farko, kuma ƙawayenta sun daɗe suna sauraron wasu waƙoƙi daga cikinsa. Kafin in kashe kuɗi ko in ba ta izinin sauke shi a waya, na ɗan leƙa intanet, sai na tarar da abin da ya ɗaure mini kai, domin a jikin faifan da duk tallace-tallacen wancan lokaci babu hoton mutum ko ɗaya, zanen 'yan mata biyu kawai ake sakawa.

Abin da nake son sani shi ne, shin waɗannan mawaƙa mutane ne masu rai, ko kuwa irin muryar nan ce da ake haɗawa da kwamfuta? Sannan shi albam ɗin, aiki ne da aka zauna aka tsara daga farko har ƙarshe, ko kuwa waƙoƙin da aka riga aka yi wa katun ne aka tattara wuri guda domin a sake sayar da su? Kuma mafi muhimmanci a wurina, shin abu ne da uba zai iya miƙa wa yarinya 'yar shekara 14 hankalinsa kwance? Duk wanda ya san wani abu a kai, don Allah ya taimaka da bayani.

Ɗan Kawo

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara girma. Mutane ne, kuma a lokacin da suka rera waƙoƙin da ke cikin wannan albam, sa'o'in 'yarku ne. A lokacin su biyu ne, ana kiransu Clara da Alice, waɗanda sunayen sana'a ne ba na yanka ba, kuma daga tsibirin Hokkaido suke, can arewacin Japan. A ƙarshen shekarar 2009, suna ajin farko na ƙaramar sakandare, suka fara rera waƙoƙin wasu suna ɗorawa a wani dandalin bidiyo na ƙasar mai suna Nico Nico Douga, inda jama'a da dama suka ƙi yarda cewa yara ne saboda yadda muryoyinsu suka zauna. Daga nan wata sabuwar mujallar waƙoƙin anime mai suna LisAni! ta sa waƙarsu a faifan da ta haɗa da fitowarta ta farko a watan Afrilun 2010, kuma kafin shekarar ta ƙare kamfanin SME Records, wanda reshe ne na Sony Music na Japan, ya ɗauke su.

Dalilin ɓoye fuska shi ne karatu. An so yaran su ci gaba da zuwa makaranta kamar sauran yara, ba tare da 'yan jarida da masoya sun tsare su a hanya ba, saboda haka aka riƙa wakiltarsu da zane. Clara tana tafe da alamar wata da launin hoda, Alice kuma da alamar rana da launin shuɗi, sannan duk lokacin da suka yi wa wani katun waƙa, mai zanen taurarin wannan katun ne yake zana su da irin salonsa. Shi ya sa za ku ga kamanninsu suna canzawa daga wannan faifai zuwa wancan.

Ruɗanin da kuka yi game da kwamfuta yana da tushe, Baba. Akwai wata mawaƙiya ta zane mai suna Hatsune Miku, wadda ita manhaja ce zalla da wani kamfani a birnin Sapporo ya fitar a 2007, mutum ya rubuta baiti da karin sauti, ita kuma ta rera. Biyu daga cikin waɗanda suka rubuta wa ClariS manyan waƙoƙinsu, wato kz da ryo, da wannan manhaja suka yi suna a Nico Nico Douga, kuma sun taho da salon kiɗanta na na'ura zuwa ga muryoyin yaran. Idan kunne bai saba ba, yana iya zaton inji ne yake rerawa, musamman a waƙoƙin kz inda yake yawan gyara murya da na'ura.

Shi albam ɗin ya fito ne ranar 11 ga Afrilu, 2012, da waƙoƙi 12. Huɗu daga ciki an riga an fitar da su ɗai-ɗai a ƙananan faifai. Ta farko ita ce “irony”, wadda ta fito a Oktoban 2010 a matsayin waƙar buɗe katun ɗin Oreimo. Sai “Connect” a Fabrairun 2011, waƙar buɗe Puella Magi Madoka Magica, wadda Sho Watanabe ya rubuta, kuma ita ce har yau aka fi sanin ClariS da ita. Ina kyautata zaton ita ce ƙawayen Ilham suke saurare. Akwai “nexus” ta Satumban 2011, wadda aka yi wa wani littafi da wasan bidiyo na jerin Oreimo, sannan “Naisho no Hanashi” ta Fabrairun 2012, waƙar rufe Nisemonogatari. Albam ɗin ya kai mataki na 2 a jadawalin mako-mako na Oricon, wanda shi ne ma'aunin cinikin faifai da Japan ta fi dogara da shi, kuma ƙungiyar kamfanonin waƙa ta ƙasar ta ba shi shaidar zinare, wadda ake bayarwa idan an fitar da kwafi 100,000 zuwa kasuwa. Ga yara biyu da ba su taɓa hawa dandamali da fuskarsu a buɗe ba a lokacin, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai Situdiyo, Tudun Wada

Malam Baban Ilham, ƙanena na Kawo ya kawo tarihin yadda yake, amma a kan tambayarka ta biyu ni ina da wata fahimta, kuma daga cikin sana'a nake magana, domin haɗa kiɗa da ɗaukar murya shi ne abincina.

Kafin a yi hukunci a kan irin wannan albam, ya kamata a san yadda ake samar da kuɗin katun a Japan. Yawancin shirye-shiryen da ake nunawa da tsakar dare a can, ba gidan talabijin ne yake ɗaukar nauyinsu ba. Kamfanoni ne suke haɗuwa su kafa kwamitin shiryawa, a ciki akwai mai buga littafin da aka ɗauko labarin, da mai sayar da faifan bidiyo, da mai ƙera kayan wasa, da kamfanin waƙa, kowa ya zuba kuɗinsa, kowa kuma ya ɗauki haƙƙin ɓangaren da ya shafe shi. Kamfanin waƙar da ya zuba jari shi ne yake da bakin magana a kan wanda zai rera waƙar buɗewa da ta rufewa. To, ka duba katun ukun nan da ƙanena ya lissafa, duka akwai hannun kamfanin Aniplex a cikinsu, shi kuma Aniplex mallakar Sony Music ne, gida ɗaya da kamfanin da ya ɗauki yaran. Ba ina cewa muryoyinsu ba su cancanta ba, sai dai hanyar da ta kai su kunnen miliyoyin mutane a share take tun kafin su buɗe baki, kuma duk mako har tsawon wata uku ana tallata waƙarsu a farkon shiri ko ƙarshensa ba tare da an biya kuɗin talla na daban ba.

Wannan tsari yana barin tabo a jikin waƙar kanta. Waƙar buɗe katun minti ɗaya da rabi ake ba ta, don haka dole mai tsara kiɗa ya cusa shimfiɗa da baiti da gadar da za ta kai ga amshi da shi kansa amshin a cikin daƙiƙa 90, sannan daga baya a miƙe ta zuwa minti huɗu da wani abu domin faifai. Shi ya sa “Connect” take farawa da amshi kai tsaye, babu jira. Wannan gwaninta ce, ban raina ta ba, domin na san wahalar kama kunnen mai sauraro a daƙiƙa goman farko. Amma sakamakonta shi ne, idan aka zo haɗa albam ɗin farko, sai ka tarar da manyan waƙoƙi huɗu da mutane uku daban-daban suka rubuta, kowacce an ɗinka ta daidai da jikin wani labari, babu abin da ya haɗa su sai muryoyin da suka rera. Sauran takwas kuwa aikinsu shi ne su cike gurbin da ke tsakani.

Mu nan ba baƙin wannan al'amari ba ne. Shekaru da dama waƙar nanaye a jikin fim take rayuwa, furodusa ne yake sayen waƙa, jarumi da jaruma su yi mamin a kanta, mai kallo ya haddace ta ba tare da ya san fuskar wanda ya shiga situdiyo ya rera ba, kamar yadda ake yi a finafinan Indiya tun zamanin Lata Mangeshkar. Da mawaƙanmu suka fara fitar da albam da sunansu, da yawa daga ciki waƙoƙin finafinai ne aka jera. Wanda ya yi dace ne kawai yake fita daga inuwar fim ɗin ya tsaya da ƙafarsa. Idan kana son ganin misalin da aka tsara albam ɗin farko da hannu ɗaya a Japan ɗin, ka nemi Seventh Heaven na ƙungiyar Kalafina, wanda ya fito a Maris na 2009. Shi ma cike yake da waƙoƙin jerin finafinan Kara no Kyoukai, amma mace ɗaya ce, Yuki Kajiura, ta tsara kiɗan baki ɗaya, don haka kana jin zare ɗaya daga farko har ƙarshe. Birthday ba shi da wannan. A ganina, yarinya ta saurari huɗun nan da aka sani, ta huta da sauran.

Maman Sadiq, Barnawa

Baban Ilham, sannu da ƙoƙari, ba kowane uba ne yake tsayawa ya bincika ba. Ni malamar makaranta ce, kuma tambayarka ta uku ce ta sa na sa baki, domin 'yan'uwan da suka gabace ni sun fi mayar da hankali ga kiɗa.

Waƙoƙin kansu ba su da matsala ta fuskar lafazi. Magana suke yi a kan abota, da cika alkawari, da rabuwa da ƙawayen makaranta, da irin soyayyar ƙuruciya mai kunya wadda ba a iya furtawa, kuma babu bidiyon rawa ko shigar banza, tunda ma babu mutum a ciki. Ta wannan ɓangare sun fi yawancin abin da yaranmu suke ji a bakin titi tsafta. Inda nake so ka sa ido shi ne abin da waƙar take ja, domin yaron da ya so waƙar buɗe shiri, ko ba daɗe ko ba jima sai ya nemi shirin.

Dukan shirye-shiryen ukun nan da tsakar dare aka nuna su a Japan, ga matasa da manya, ba ga yara ba. Mu nan da zarar mun ga zane sai mu ce katun ne, na yara ne, alhali a can zane hanya ce kawai ta ba da labari, ana yin na yara ana yin na manya. Madoka Magica shi ne ya fi yaudarar ido, domin an zana 'yan matan da manyan idanu da tufafi masu launi kamar abin wasan yara, amma tun daga kashi na 3 labarin yake juyewa zuwa mutuwa da yanke ƙauna da tambayar abin da mutum zai iya sayar da ransa a kai. Kashi 12 ne kacal, kuma ba zan musa cewa an tsara shi da basira ba, sai dai yana ɗauke da sihiri da ra'ayoyi a kan rai da ƙaddara waɗanda yarinya take bukatar babba a kusa da ita ya warware mata. Sauran biyun kuwa, Oreimo da Nisemonogatari, ba na ba da shawarar a bar ɗalibar ƙaramar sakandare ta kalle su ko kaɗan. Dukansu suna wasa da alaƙar wa da ƙanwa ta hanyar da tarbiyyarmu ba ta amince da ita ba, kuma akwai wuraren da ko babba zai kawar da kai.

Saboda haka shawarata ita ce ka raba abu biyun a fili, ka gaya mata cewa ka yarda da albam ɗin amma ba ka yarda da waɗancan shirye-shirye biyu ba, kuma ka faɗa mata dalili. Na lura da ɗalibaina cewa idan aka hana su abu ba tare da bayani ba, a wayar ƙawa suke kallonsa a lokacin tara.

Ɗan Kawo

Anti, maganarku gaskiya ce, ban da abin da zan ƙara a kan shirye-shiryen. Amma Yaya Mai Situdiyo, ku yi mini afuwa, ban yarda cewa waƙoƙi takwas ɗin nan cikon gurbi ba ne, kuma hujjata tana cikin ranar da aka fitar da albam ɗin.

Shekarar karatu a Japan a watan Afrilu take farawa, ta ƙare a Maris. Clara da Alice sun kammala ƙaramar sakandare a Maris na 2012, albam ɗin kuma ya fito makonni kaɗan bayan haka, daidai lokacin da suke shiga babbar sakandare tare da dubban sa'o'insu. Idan kuka saurare shi a jere yadda aka tsara, za ku ji cewa an buɗe shi da waƙar bankwana, a can gaba akwai wadda aka yi musamman a kan yaye ɗalibai, sannan aka rufe da waƙa mai sanyi a kan dawwamar zumunci. Wannan shi ne zaren da kuka ce babu. Ba mai tsara kiɗa ɗaya ne ya samar da shi ba, rayuwar yaran ce ta samar da shi, kuma waɗanda suka jera waƙoƙin sun san abin da suke yi, domin sun warwatsa manyan huɗun a tsakanin sababbin ta yadda mai sauraro ba zai ƙoshi da farko ya kashe ba.

Akwai kuma abin da ba a ji a waƙoƙin katun ɗin sai a sauran. A “irony” da “nexus” kiɗan na'ura yana da yawa kuma yana gudu, har yakan yi wuya a bambance wace ce Clara wace ce Alice. A waƙoƙin da ba a yi wa talabijin ba, babu takurar daƙiƙa 90, don haka an sassauta kiɗa, an bar muryoyin biyu suna karɓa-karɓa, wannan ta ɗauki layi waccan ta amsa, sannan su haɗe a amshi. Duk wanda yake son sanin ko yaran sun iya waƙa, a nan zai gane, ba a waƙoƙin da suka yi tashe ba.

Ko a kan batun cewa an ɗinka waƙar daidai da jikin labari, ni a wurina yabo ne. A Madoka Magica, mutane sun yi makonni suna jin “Connect” a farkon shiri suna ɗaukar ta waƙar fara'a ce ta jarumar labarin, sai a kashi na 10 aka ɗauke ta daga farko aka mayar da ita ƙarshe, a nan ne masu kallo suka fahimci cewa baitocin maganar wata yarinya ce daban a cikin labarin, kuma ma'anarsu ta fi yadda aka zata nauyi. Ba zan faɗi fiye da haka ba saboda waɗanda ba su kalla ba. Shirin ya zo a shekara mai wuya ga Japan, domin girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 11 ga Maris, 2011 ta sa an ɗage kashi biyu na ƙarshe har zuwa Afrilu, kuma waƙar da take magana a kan riƙe alkawari da ci gaba da tafiya ta sami wurin zama a zukatan mutane a wancan lokaci.

Na yarda da ku a abu ɗaya, Yaya: yaran ba su ne suka rubuta manyan waƙoƙin nan ba, kuma kamfani ne ya share musu hanya. Amma kamfani yana share wa mutane da yawa hanya duk shekara, kaɗan ne suke wuce albam na biyu. Su kuwa sun fitar da Second Story a 2013 da Party Time a 2014, kuma ko da Alice ta janye a 2014 domin ta fuskanci karatunta, wata mai suna Karen ta maye gurbinta, sunan bai mutu ba, har suka cika zauren Nippon Budokan na Tokyo a 2017. Wannan ma wani dalili ne da yake ba Birthday daraja a wurin masoya, domin yana cikin albam uku kacal da suka fitar Alice tana cikinsu.

Baban Ilham, Unguwar Rimi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, na ɗauki shawararki, zan zauna da ita da mahaifiyarta mu yi maganar shirye-shiryen. A kan saɓanin da ke tsakanin Malam Mai Situdiyo da ɗana na Kawo kuwa, zan saurari albam ɗin da kaina a jere kafin in ba ta. Abin da ya rage shi ne hanyar samu. Na zaga wajen masu faifai a Kasuwar Sheikh Gumi da wasu shaguna a titin Ahmadu Bello, babu wanda ya taɓa jin sunan, masu tura waƙoƙi a waya kuma na Indiya da na Koriya suke da su. Shin ya dace in yi odar faifan daga waje, ko akwai hanya mafi sauƙi wadda ba ta satar fasaha ba?

Mai Situdiyo, Tudun Wada

Malam, kafin in amsa, bari in ce wa ƙanena na Kawo hujjarsa ta ranar fitowa ta shige ni, kuma zan koma in saurari takwas ɗin da kunnen da ba na neman aibu ba. Har yanzu ina nan a kan cewa Kalafina sun fi su tsari, amma wannan muhawara ce ta wata rana.

Game da samu, hanya mafi sauƙi ita ce manhajojin sauraro na halal. Spotify ya fara aiki a Najeriya tun Fabrairun 2021, akwai kuma Apple Music da YouTube Music, sannan ClariS suna da tasharsu ta hukuma a YouTube. Ka rubuta sunan ƙungiyar da haruffan boko yadda yake, ka shiga jerin albam ɗinsu ka nemi na 2012, domin wasu daga cikin sunayen waƙoƙin da rubutun Japan suke fitowa, idan ka nemi waƙa da sunanta kana iya rasa ta. Ka kuma kula da masu ɗora kwaikwayo da waɗanda suke ƙara wa waƙa gudu su sa mata sunan asali, suna da yawa a wannan fanni. Idan ka sa asusun a wayarka, kai ne za ka riƙa ganin abin da ake saurare, wanda ya yi daidai da abin da Malama ta faɗa.

Shi faifan kuwa, sai idan yarinyar tana son abin riƙewa a hannu ne. Japan ƙasa ce da ta daɗe tana riƙe da CD bayan sauran duniya ta sake shi, kuma dokarsu ta ba kamfanonin waƙa damar ƙayyade farashin sabon faifai na wani lokaci, shi ya sa albam yakan kai wajen yen 3,000 a kuɗin Japan, ba a samun ragin da ake samu a Amurka ko Ingila. Idan ka ɗora kuɗin jirgi da na kwastan da canjin dala a kai, za ka ga kuɗin kawowa yana iya fin kuɗin kayan. An fitar da Birthday kala uku: na gama-gari mai CD ɗaya, da na musamman mai CD biyu, da wani na musamman mai CD da DVD. Na musamman ɗin an buga su ne da adadi, yanzu sai dai a hannun masu sayar da na hannu, kuma farashinsu ya danganta da lafiyar kwalin da ko kayan cikinsa sun cika.

Idan har za ka yi odar, ka ɗauki na gama-garin. CD na sauti ba shi da kullen yanki, zai yi a kowace rediyo ko mota ko kwamfuta a Kaduna. DVD kuwa an raba duniya shiyya-shiyya, Japan tana shiyya ta 2, mu muna ta 5, ga kuma bambancin tsarin hoto, su NTSC mu PAL. Yawancin na'urorin DVD ƙirar Sin da ake sayarwa a kasuwanninmu suna karanta kowace shiyya, amma na manyan kamfanoni da na cikin kwamfutar tafi-da-gidanka sukan ƙi, don haka ka duba bayan na'urarka kafin ka biya kuɗin wanda yake da DVD. Sannan ka tabbatar mai sayarwar yana aikowa Najeriya kai tsaye kuma da lambar bibiyar kaya, domin da yawa daga shagunan Japan a cikin ƙasarsu kawai suke aikawa, sai an bi ta hannun kamfanin dillanci da zai karɓa a can ya turo, shi ma da nasa cajin.